Daga Takarda Zuwa Allo: Jagora Ga Ɗan Sakkwato Mai Son Zama Daraktan Katun da Siddabarun Fim

Wanda ya bi hanyar Illela, ya tsallaka Birnin Ƙonni, ya miƙa arewa, a Tawa zai sauka. A garin nan Moustapha Alassane ya yi zama mai tsawo, mutumin da ake ƙirgawa cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka. An haife shi a 1942, ya fara da kanikanci, ya shiga harkar fim a Yamai, har ya je Kanada ya ƙaro sani wurin gwanin zane mai motsi Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim a kan shugaban ƙasar kwaɗi. Daga baya ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa irin tamu. Ya rasu a 2015.

Na fara da shi ne domin duk lokacin da wani matashi a Mabera ko Runjin Sambo ya ce mini wannan sana'a ta mutanen Legas ce da Turawa, maƙwabcin nan namu nake tunawa. Ba shi da kwamfuta sa'ad da ya fara. Abin da yake da shi labari ne, da haƙuri, da sanin abin da yake so ya gani kafin ya taɓa kamara. Wannan na ƙarshen shi ne aikin darakta, kuma shi nake so mu bi daki-daki, ƙanena. Ke ma ƙanwata da ke nake, don babu abin da ke cikin wannan aiki da ya fi ƙarfinki, har ma yawancinsa a cikin ɗaki ake yi.

Fara da lissafi

A fim na mutane, idan kana son raƙumi, sai ka nemo raƙumi ka kafa kamara. A katun babu abin da ke akwai sai wanda wani ya ƙera: raƙumin, inuwarsa, ƙurar da ya tayar, har kiftawar idonsa. Sakan ɗaya na fim hotuna 24 ne a jere, talabijin ɗinmu kuma 25. Ke nan minti ɗaya na fim hotuna 1,440 ne. Masu zanen hannu kan rage wahala su bar kowane zane ya tsaya sau biyu, amma duk da haka zane 720 ne a minti ɗaya. A manyan kamfanonin duniya, ƙwararren mai motsa zane 'yan sakan kaɗan yake kammalawa a mako.

Riƙe wannan lissafi, domin daga cikinsa aikin darakta ya fito. Kowane sakan da ka nema gumin wani ne. Idan ka canza ra'ayi a kan takarda, asarar fensir ce. Idan ka canza bayan an gama motsi, asarar makonni ce. Tun ran gini tun ran zane. Darakta shi ne wanda ke yanke shawara da wuri, ya kuma tsaya a kanta.

Mataki na farko: sana'a ɗaya a hannunka

Babu wanda ke shiga wannan fage a matsayin darakta. Ta ƙofa ɗaya ake shiga: zanen allon labari (jerin zane da ke nuna yadda fim zai kasance, ɗauka bayan ɗauka), ko motsa zane, ko ƙera siffofi, ko harhaɗa hotuna, ko tace fim (wato yanka ɗauka da jera su). Zaɓi ɗaya ka iya shi sosai, sauran ka ɗanɗana gwargwadon yadda ba za a ruɗe ka ba idan mai yi ya ce abu kaza zai ci kwana goma. A ra'ayina allon labari da tacewa sun fi kusa da kujerar darakta, domin su ne ke koya maka inda ake ajiye kamara da lokacin da ake yanka.

Kayan aiki ba su kai tsadar da ake tsoro ba. Manhajar Blender kyauta ce tun 2002, kuma tana yin zane mai faɗi (2D) da mai jiki uku (3D) duka. Da ita Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya yi Flow, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun a 2025. Fim ɗinsa na farko mai tsawo, Away, shi kaɗai ya yi shi. Krita da OpenToonz kyauta ne ga mai zanen hannu. DaVinci Resolve tana da sigar kyauta, kuma a cikinta akwai Fusion na harhaɗa hotuna. Maya da Nuke da Houdini su ne na manyan kamfanoni, za ka iske su idan lokaci ya yi. Wanda ba shi da komai sai waya ya sauke FlipaClip ya fara yau. Idan za ka sayi kwamfuta, ko ta hannu ce, nemi mai ram (ƙwaƙwalwar aiki) GB 16 da katin hoto na NVIDIA, ka ƙara da ɗan allon zane mai alƙalami.

Darasin farko ƙwallo ne mai tsalle: ya faɗo, ya lotse, ya miƙe, ya rage gudu a sama. Kada ka raina shi. Daga nan sai buhun gero da ke tafiya, sannan tafiyar mutum. Ƙa'idojin motsa zane goma sha biyu da masu zanen Disney Frank Thomas da Ollie Johnston suka tattara a littafinsu na 1981 har yau su ne harsashi, kuma Triggerfish Academy ta Afirka ta Kudu tana da darussa kyauta a intanet. Mai son takardar shaida yana iya duba sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos. Karatun yana da amfani, amma mai ɗaukar aiki abin da ka yi zai fara nema, ba abin da ka karanta ba.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don a Sakkwato muke. Batun zana abu mai rai tambaya ce ta gaske, kuma malamai sun yi bayani a kanta, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a abin da ya shafi koyar da yara. Je wurin malamin da ka amince da iliminsa tun kafin ka yi nisa, ka nuna masa ainihin abin da kake yi, ka ji. Ka kuma zauna da mahaifanka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, akwai sassa masu faɗi da babu zanen rai a ciki: gine-gine, haske, rubutu mai motsi, taswira, da goge abubuwa daga hoto.

Mataki na biyu: koyi kallo

Nan ne nake so in daɗe, domin nan ne ɗan Sakkwato ya fi kowa jari. Darussan intanet za su koya maka tafiyar Bature cikin wando da riga. Ba za su nuna maka yadda dattijo ke naɗe hannun babbar riga ya aza bisa kafaɗa kafin ya fara magana mai muhimmanci ba, ko yadda yarinya ke rage tsawo ta gaida kakarta idonta a ƙasa, ko yadda ɗan kokawa ke zagaya abokin karawa yana taɓa ƙasa. Sayi ƙaramin littafi, ka tafi kara ranar kasuwa. Zauna ka dubi raƙumi: ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, shi ya sa yake rangaji, kuma idan zai tashi ƙafafun baya yake fara miƙewa. Dubi jar akuyarmu yadda take tsayawa cak kafin ta zabura. Je bakin Rima da hantsi ka ga launin ruwa, ka dawo cikin hunturu ka ga yadda hazo ke cinye nesa har rana ta koma kamar faifai. Wanda ya sa shuɗin sama mai tsabta a labarin da ke faruwa cikin Janairu, duk ɗan garin nan zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Haka baki. Jadawalin siffofin baki da za ka samu a intanet yana nuna haƙoran sama bisa leɓen ƙasa wajen furta harafin f. Bahaushe ba haka yake yi ba. Da leɓɓa biyu muke furta shi, mu nan kuma sau da yawa hw ko h ne, mu ce hwaɗi, mu ce tahi. Idan ka bi jadawalin nan ido rufe, yaron da ka zana zai yi Hausa da bakin baƙo. Tsaya gaban madubi ka yi naka jadawalin: leɓɓa a rufe wajen m da b da ɓ, a zagaye wajen u da o, ka kuma lura da dogon wasali da gajere, domin tsawon buɗewar baki ne ke raba su. In labarinka na Sakkwato ne, bar mutanensa su ce wanga da wagga da mi. Yaranmu ba su cika jin harshen gidansu daga allo ba.

Mataki na uku: fim na minti ɗaya, a gama shi

Kusan kowa da labarin yaƙi mai tsawon awa biyu yake zuwa. Ajiye shi, ba jefarwa ba. Ɗauki abu ƙarami: mutum biyu, wuri ɗaya, buƙata ɗaya. Misali, yaro an aike shi da ƙwaryar nono, akuya ta biyo shi. Ko guntun tatsuniyar Gizo, wadda ba ta da mai ita balle a bi ka bashi.

Rubuta labarin a shafi ɗaya, ka karanta wa ƙannenka da baki. Inda hankalinsu ya tafi, nan ne matsala. Sannan allon labari: yanka takardu ƙanana, kowace ɗauka da zanenta, ko da zanen kara-kara ne. A kowace takarda amsa tambaya uku: me mai kallo zai gani, daga ina, kuma don me. Manna su a bango, ka cire duk wadda labarin zai tsaya ba tare da ita ba.

Murya kafin motsi ake ɗauka, domin a kan murya ake gina motsin baki da na jiki. Ba ka da ɗakin rikodin? Ɗaki mai katifa da labule da tulin tufafi ya isa, a kashe fanka, a zaɓi lokacin da babura suka lafa. Masu wasan kwaikwayon rediyo taska ne a nan, don sun saba nuna fushi da kunya da murya kaɗai. Yawanci za su girme ka, kuma ba a ce wa dattijo bai iya ba. Cewa za ka yi, "Baba, Allah shi ƙara girma, wannan ta yi. A ƙara muna guda, kamar dai yaron ya ba ka tausayi amma ba ka son shi gane." Ka ba shi dalili, shi zai nemo muryar.

Yanzu ɗora hotunan allon labarin bisa muryoyin a manhajar tacewa, kowane da tsawon lokacinsa. Wannan shi ake kira animatik, kuma shi ne fim ɗinka tun bai sa riga ba. Idan bai ba da dariya ko tausayi a haka ba, launi ba zai cece shi ba. Gyara shi sau goma in ya kama, nan gyara ke da araha. Ranar da ka gamsu, rufe shi, ka ba kowace ɗauka lamba, ka rubuta yawan hotunanta a jadawali tare da sunan mai yi da ranar gamawa.

Wajen siffanta mutanen labarin, tuna da lissafin farko. Babbar riga da mayafi mai yawo suna da kyau, amma motsa yadi na cikin abubuwan da suka fi cin lokaci. Kaftani mai kama jiki da hula sun fi sauƙi. Ba cewa nake a guje wa tufafinmu ba. Cewa nake ka zaɓi ɗauka biyu ko uku inda rigar za ta yi rawarta a gani, sauran ka tsara su daga ƙirji zuwa sama.

Sai renda, wato lokacin da kwamfuta ke fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya. Idan kowane hoto yana cin minti biyu, fim na minti ɗaya awa 48 ne ba tsayawa. A Blender, injin Eevee ya fi Cycles sauri nesa ba kusa ba, kuma da Eevee aka fitar da Flow. Abin da ya fi muhimmanci a garin da wuta ba ta da tabbas: kada ka taɓa fitarwa kai tsaye a matsayin bidiyo. Fitar da hotuna ɗai-ɗai, ta yadda in an ɗauke wuta a hoto na 900, daga 901 za ka ci gaba. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, bar renda sai dare, ɗaga kwamfutar daga kan katifa, ka riƙa busa ƙurar fankarta. Sola da inbata sun fi sabuwar kwamfuta amfani in kuɗin na abu ɗaya ne. Kwafin aikinka kuma ya kasance a wuri uku, ɗaya ba a cikin gidan ba.

Idan fim na mutane ne

Siddabarun kwamfuta, wato ƙara ko cire abu a hoton da aka ɗauka, a wurin ɗauka yake farawa, ba a ɗakin tacewa ba. Duk daraktan da ke cewa "a gyara a kwamfuta" bai san abin da yake ɗora wa mutane ba. A manyan finafinai akwai mai kula da siddabaru da ke tsayawa kusa da darakta. A namu sau da yawa kai ne duka biyun.

Ɓacewar aljani da ake yawan yi ba ta da wuya: kafe kamara bisa ƙafafunta, ɗauki ɗan wasa, ya fita, ka ɗauki wurin babu kowa ba tare da an taɓa komai ba. Wannan hoton wuri fayau, ɗauke shi a kowace ɗauka mai siddabaru, ko kana ganin ba ka buƙata. Koren ƙyalle kuwa, wanda ake kafawa bayan ɗan wasa don a musanya shi da wani hoto a kwamfuta, yadi ne marar sheƙi daga kasuwa, a goge shi, a ja shi ya miƙe, a haska shi daidai ko'ina, ɗan wasa ya matsa kamar taku uku daga jikinsa don kada koren ya haska masa fata. In kamara za ta motsa, manna alamomi a bango don manhaja ta bi sawunsu. Rubuta tsayin kamara, da irin gilashinta, da inda rana take. Abin da ke tona asirin siddabaru shi ne inuwa ta nufi gabas alhali ta ɗan wasa ta nufi yamma.

Kuma mafi yawan aikin ba wuta da walƙiya ba ne. A ce kana labarin da ya faru kafin zuwan Turawa a 1903: turakun lantarki, kwanon rufi, eriyar waya, leda a kan ƙaya, duk sai an goge. Dawaki goma su koma ɗari. Wannan shi ne siddabarun da ba a gani, kuma shi ne zai fi kawo maka aiki. Don sanin yadda lifidi da sulke da kwalkwali suke, je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ka gani da idonka. Game da su Shehu da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u kuwa, shawarata kada ka siffanta fuskokinsu. Ana iya ba da labarin zamaninsu ta idon manomi ko ɗan aike ko ɗaliba, kuma ka nemi shawarar masana da masu gidan kafin ka fara.

Mataki na huɗu: jagorancin mutane

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga fim na biyu nemi mutum biyu ko uku, kowa da ɓangarensa. Kowace safiya ku kalli aikin jiya tare. "Bai yi ba" ba gyara ba ne. Gyara shi ne, "Yaron tsoro yake ji, jinkirta ɗaga kansa da hoto shida, idonsa ya riga kansa tashi." Yi gyaran tun motsi yana gwaji, kafin a goge shi. In kai ka canza ra'ayi, faɗi cewa kai ne, kada ka bar mai zane ya ɗauka laifinsa ne. Sunan kowa ya fito a ƙarshen fim, haƙƙin kowa ya fita a kan lokaci.

Kuɗi, da hawa tsani

Ayyukan farko ƙanana ne: tambarin shiri mai motsi ga gidan talabijin, tallar shago, darasin harufa ga Islamiyya, saƙon rigakafi ko na zazzaɓin cizon sauro ga ƙungiyoyin lafiya, waɗanda kullum suke neman abu cikin Hausa. Na taɓa karɓar wata talla da baki kawai. Bayan an gama renda mai aikin ya ce a canza launin rigar da tsarin shagon, sau uku, ba ƙarin ko kwabo, kuma yaran da suka yi aikin da ni su suka fi shan wahalar. Tun daga ranar ba na fara aiki sai da takarda: tsawon fim a sakan, rabin kuɗi kafin a fara, sa hannun mai aiki a kan animatik, gyara sau biyu, abin da ya wuce haka da farashinsa. A rubuta kuma wa ke da mallakar mutanen labarin. In kai ka ƙirƙire su, ba da izinin amfani, kada ka sayar da su ɗungurungum. Yi wa sunan kasuwancinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka san Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma fim ɗin da za a kai kasuwa yana bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa. Kada ka ɗora waƙar wani ba izini. Nemi mai kalangu ko gurmi ka biya shi ya yi maka naka. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, saboda haka kada ka jingina cefane da ita a shekarar farko.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa wajen gwada launi ko yanke mutum daga hoto. Amma ba su san yadda ake naɗa rawani a Sakkwato ba, kuma mai kallo na gane fuskar da ke canzawa daga ɗauka zuwa ɗauka.

Hanya biyu ce zuwa kujerar darakta. Ko ka shiga kamfani a Legas ko Abuja ko ta intanet, ka tashi daga ƙaramin ma'aikaci zuwa shugaban sashe zuwa mai kula da aiki. Ko ka riƙa fitar da gajerun finafinanka har a san hannunka. Yawanci ana haɗa biyun. Fagen yana buɗewa: Adamu Waziri ya yi Bino and Fino daga Abuja, Lady Buckit and the Motley Mopsters ya fito a 2020 a matsayin dogon katun na sinima na farko a Najeriya, Iwájú na kamfanin Kugali da Disney ya fito a 2024. Haɗa mafi kyawun ayyukanka a bidiyon da bai wuce minti ɗaya da rabi ba, mafi ƙarfi a farko, ka rubuta abin da kai ka yi a kowane. Sa fassarar Turanci da Faransanci a ƙasan fim ɗinka, ka aika bikin Zuma a Abuja, da AFRIFF a Legas, da FESPACO a Wagadugu, da Annecy a Faransa.

Amma kafin ka aika ko'ina, tara yaran unguwa goma bayan la'asar, kunna musu a tsakar gida, kai kuma ka zauna ta gefen allon inda za ka ga fuskokinsu. Riƙe jadawalin ɗaukarka a hannu. Duk inda suka yi dariya sa alama, duk inda wani ya waiwaya ko ya fara taɓa na kusa da shi rubuta lambar ɗaukar. Da wannan takardar za ka zauna ranar da za ka fara allon labarin fim na biyu.